Sarautar Lugga a kan ɗan Atta

Jiya da daddare a wurin mai agashe na bakin layinmu nan Gadarif gardama ta kaure tsakanina da Baffa, kuma wallahi ba a kan yaƙin da ya koro mu daga Hartum ba, ba a kan tsadar dawa ba, a kan kalma ɗaya ce tal. Yaron maƙwabta ne yana karanta labari da larabci a wayarsa sai ya ce wai mandub sami, wato Babban Kwamishina, na Najeriya a Landan kaza kaza, Baffa ya dire kofin jabana ya ce kai ɗan nan maimaita, yaushe Najeriya ta ci Ingila da yaƙi har ta naɗa musu mandub sami? Aka yi ta dariya amma fa tsohon yana da hujja, don shi a kunnensa mandub sami Bature ne mai zama a Alƙahira yana juya sarkin Masar yadda ya so, irin su Wingate da ya gama mulkinmu nan Sudan a 1916 aka ɗaga shi can. A rediyo kuma da Hausa jakada kawai yake ji ana cewa.

Na ce Baffa Allah ya ja kwana, ai abin ya ma fi haka daɗin ji. Wannan sarautar ta Babban Kwamishina ita ce dai a kan Lugga daga 1900 zuwa 1906, da ita ya ci Kano da Sakkwato a 1903, da ita sojojinsa suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi suka kashe shi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yo gabas, abin da ya sa ni da ku muke zaune a nan muna Hausa rabi da rabi da larabci ke nan. Kuma abin haushi kakanninmu sun gudo daga Nasara sun sha tafiyar shekaru a ƙasa, da suka iso bakin kogin nan kusa da Sinnar sai suka tarar Nasaran ya riga su zuwa, shi ne ma mai ba da izinin wurin zama. To shekara 57 bayan Burmi sai ga ɗan sarki daga Arewa ya tafi Landan da wannan sunan a kansa.

Alhaji Abdulmaliki ke nan, ɗan Atta na Igbirra daga Okene, wanda ya yi makarantar Katsina irin su Sardauna da Tafawa Balewa. Shi ne na farko bayan ƴancin kai a 1960, ya zauna har 1966 sannan aka mai da shi Faransa. Amma ba shi ya buɗe ƙofar ba, tun kafin Bature ya tafi akwai ofishin Najeriya a Landan, Matthew Mbu ya riƙe shi daga 1955 yana saurayi ko shekara 30 bai yi ba, kuma kowace jiha tana da nata wakilin daban, shi Abdulmaliki ma da wakilcin Jihar Arewa ya fara. Ka ji fa, ƙasa ɗaya baki huɗu a gidan ubangida, tun daga nan mai hankali ya san akwai magana a gaba.

Yaron nan ya ce to me ya sa mu Sudan safir, wato jakada da larabci, muke turawa su kuma mandub? Wannan mai sauƙi ce. Safir wasiƙa yake ɗauka daga shugaban ƙasa zuwa shugaban wata ƙasa, ita kuwa Najeriya daga 1960 har Oktoban 1963 da ta zama jamhuriya Sarauniya Elizabeth ce shugabar ƙasarta a takarda, to ya za a yi mace ta rubuta wa kanta wasiƙa ta ce ga manzona nan zuwa gare ni? Shi ya sa ƙasashen Kwamanwel ba sa yi wa juna safir, Babban Kwamishina suke cewa, ko bayan sun rabu da sarautar sai sunan ya zauna. Mu kuma nan da aka ɗaga tuta ranar 1 ga Janairun 1956 ba a shiga Kwamanwel ɗin ba sam, da ma iyayen gida biyu gare mu tun 1899, Ingila da Masar, sai aka sallami kowa aka ce halas.

Kuma ni a ganina wannan bambancin ya fito a hali. A 1965 da Ian Smith, shugaban Turawa tsiraru, ya ƙwace Rodeshiya, Zimbabwe ta yau, Ingila ta tsaya kallo, Sudan tana cikin ƙasashen da suka yanke hulɗa da Landan, aka shirya, 1967 yaƙin kwana shida ya zo aka sake yankewa. Najeriya kuwa ba ta yanke ba, Tafawa Balewa taro ya kira a Ikko a Janairun 1966 a yi magana a tsanake, kwana kaɗan da watsewar taron sojoji suka kashe shi, Allah ya jiƙansa. Faɗan Najeriya da Ingila irin na mata da miji ne masu ƴaƴa da yawa, a yi yaji a je gida a dawo, igiya ba ta tsinkewa.

Wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai Birgediya Ogundipe ne. Bayan juyin mulkin Yulin 1966 da aka kashe Ironsi shi ne babba a soja, amma ƙananan sojojin Arewa suka ƙi jin umarninsa, Gowon da yake ƙasa da shi nesa ya hau, shi kuma aka ce ga kujerar Landan. Wato mutumin da ya kamata a ce shi ke aika jakada sai ya zama shi ne ɗan aiken, kuma a lokaci mafi zafi, duk yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 yana can, gwamnatin Harold Wilson tana sayar wa Ikko makamai, a titi kuma ana zanga-zangar Biyafara da hotunan yara masu yunwa. A Landan ɗin ya rasu a 1971.

Rigimar 1976 kuma ta ɗaya gefen ta ɓullo, ranar da aka kashe Murtala, 13 ga Fabrairu, Dimka mai yunƙurin juyin mulkin ya shiga ofishin jakadan Ingila a Ikko yana neman a haɗa shi da Gowon da ke karatu a Ingila, ba a daɗe ba aka ce jakadan ya tattara ya koma gida. A 1979 Obasanjo ya ƙwace kadarorin kamfanin man Ingila BP saboda maganar Rodeshiya da Afirka ta Kudu.

Amma da na zo kan Umaru Dikko sai Baffa ya karɓe zancen, ya ce wannan kam kar ka gaya min, a kunnena aka yi, muna gonar auduga a Jazira da rediyo rataye a wuya. 5 ga Yulin 1984, aka sace tsohon ministan sufurin Shagari a ƙofar gidansa a Landan da rana tsaka, aka yi masa allurar barci aka sa shi cikin akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila mai kula da numfashinsa, aka kai filin jirgin Stansted inda jirgin Najeriya ke jira, a jikin akwatin an rubuta ma'aikatar harkokin waje Ikko. Abin da ya tona asiri shi ne kayan jakadanci suna da tambari da takarda na musamman da ke hana kwastan taɓa su, wannan kuwa ba a cika masa ƙa'idar ba, sai aka fasa. Gwamnatin Buhari ta ce ba ruwanta, kotun Ingila ta ɗaure mutum 4, Isra'ilawa 3 da manjo ɗaya ɗan Najeriya, aka kori ma'aikata 2 daga ofishin jakadanci, Najeriya ta rama, Manjo Janar Hananiya da ke kan kujerar ya zo gida aka ce kar ya koma, na Ingila ma ya bar Ikko. Sai 1986 aka sake musayar manyan. Baffa ya ce ka ga aikin jakada na asali ke nan, don a zamanin da jakada shi ne wanda hakimi ke zaune a birni yana turawa ƙauye ya karɓo haraji ya kamo wanda ya gudu, Bature ne ya zo ya ce hakimai su fita su zauna a ƙasarsu aka rage jakadu. Na ce Baffa ku dai ba kwa rasa ta cewa.

Sauran na bi su da gudu don nama ya fara hucewa. Alhaji Abubakar Alhaji yana can lokacin da aka rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995 aka dakatar da Najeriya daga Kwamanwel har 1999, sai Bola Ajibola, sai Christopher Kolade, sai Dakta Dalhatu Sarki Tafida bazazzagi wanda da likitan Shagari ne, ya yi daga 2008 zuwa 2015. A Satumban 2023 Tinubu ya kira kusan dukkan jakadun ƙasar gida har da na Landan.

Yaron ya buɗo mana hoton ginin a waya, wani dogon gida na dutse a titin Northumberland da tutar kore fari kore a gaba. Baffa ya karɓa ya kawo ta dab da idonsa ya daɗe yana kallo, ya ce kakarsa da aka goyo daga Burmi har ta mutu ba ta yarda ta taɓa takardar da Nasara ya sa wa hannu ba, ko ta awon auduga ce sai dai a karɓar mata. Ya miƙa wa yaron wayarsa ya ce shi dai jakada zai ci gaba da cewa, mandub na mutanen Masar ne. Ya ce wa mai agashe ya ƙara masa yaji a ƙunshi, kuɗin kuma a kaina tunda ni na daɗe ina surutu.