Godiya ga waɗanda suka tsaya mini lokacin da laftof ɗin shago ta daina karɓar filas

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, tun jiya da la'asar firinta ta dawo aiki, duk takardun da aka bar mini kuma na buga su. Kafin hidima ta sake ɗauke mini hankali, bari in sauke nauyin godiyar da ke kaina.

Ga wanda bai ji ba, ranar Litinin wani ɗalibi ya kawo filas a buga masa furojet. Bakin filas ɗin a lanƙwashe yake, na gani da idona, amma layi ya yi tsawo, sai na danna shi da ƙarfi. Nan take saƙo ya fito a ƙasan allo cewa wuta ta yi yawa a kafar USB, kafofi biyun da ke gefen dama suka mutu tare. Maus ya ɗauke, firinta ta yi tsit. Ta gefen hagu kuwa dama ta shekara tana lako-lako, sai na tokare waya da murfin biro take kamawa, ran nan ita ma ta ce ba da ita ba. Ga shi makon miƙa furojet ne, makon da masu shago irina ke jira.

Na fara da ƙanena. Yana Kaduna, amma ya kwashe kusan awa guda a waya da ni a daren. Ya sa na cire caja da batir, na danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Shiru. Ya sa na shiga Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke jone da kwamfuta, na goge direbobin USB, wato manhajojin da ke sa kafofin aiki, na sake kunna kwamfutar don Windows ta mayar da su da kanta. Shiru. Muka kashe wancan tsarin da ke ɗauke wa kafofin wuta don tattalin batir, nan ma shiru. Can sai ya ce in jona maus in kifa shi, in duba ko jar fitilar ƙasansa ta kama. Ba ta kama ba. Ya ce, "Yaya, to wuta ce ba ta zuwa sam, wannan ba laifin Windows ba ne. Kada ka yarda kowa ya yi maka fomatin." Wannan maganar ce ta tsirar da aikin mutane na shekaru, domin washegari mai gyaran farko da na je wurinsa fomatin ɗin, wato goge komai a sake ɗora Windows, ya fara ambata, da na ƙi sai ya ce to bod, babban allon da ke cikin laftof, ne ya ƙone, sai an sauya. Ko leƙa cikin kafar bai yi ba. Na ɗauki kayata na yi masa sallama.

Sai maƙwabcina, wanda sana'armu ɗaya da shi. A ƙa'idar kasuwa, tsayawata ribarsa ce. Amma shi ya aiko yaronsa da tsohuwar laftof ɗinsa, ya ce in riƙa rage aiki da ita. Allah Ya saka da alheri, Alhaji, Ya ƙara buɗi.

Babbar godiya ta mai gyaran da aka kwatanta mini a Beirut Road ce, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Kano. Malam bai taɓa sukurudireba ba sai da ya haska tocilar wayarsa cikin kafar, ya ce in matso in gani. Ɗaya daga cikin 'yan siraran ƙarafan da ke kwance a kan harshen roba ya tashi, ya lanƙwashe, yana taɓa jikin ƙarfen da ya kewaye ramin. Ya ce wannan shi ne mai ɗauko wuta mai ƙarfin bolt 5, da ya haɗu da jiki sai abin kariyar da ke kan bod ya yanke wuta don kada a yi ɓarna, kuma kafofin biyu a kansa suke tare, shi ya sa suka tafi lokaci guda. Ya cire batir, ya sa matsefata ya miƙar da ƙarfen a hankali, ya hure ƙurar hunturun da ta daskare a ciki. Da ya ɗora mita, 5 ta fito cif. Ta hagun kuma dalmarta ce ta saki, ya buɗe ya sake liƙe ta. Ya gargaɗe ni cewa ƙarfen da ya taɓa lanƙwashewa ba ya da ƙwari kamar da, don haka in sayi ɗan reshe mai baki huɗu, filas ɗin mutane su riƙa shiga can. Na saya a nan take. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin buga furojet biyu ba.

Ɗaliban da suka yi haƙuri kwana uku, har da wadda ta zo sau huɗu ba ta ɗaga mini murya ba, na gode, Allah Ya ba da sa'ar kare furojet. Uwargida ma ta sha fushin da ba ita ta jawo ba, a yafe mini.

Mai filas, laifin nawa ne, ba naka ba. Yana nan cikin durowa, na kwashe maka abin da ke ciki, ka zo da wani in zuba maka.