"Kar" ɗin da ta faɗi a hanya

Assalamu alaikum 'yan uwana mutanen Gombe,

Ina gaishe ku daga Manchesta ta ƙasar Ingila, inda sanyi ya fara kankama. Wani abu ne ya faru tsakanina da Hajiyata a watan jiya, na ga ya kamata ku ji. Muna magana ta WhatsApp, tana tsakar gida a Bolari, har ina jiyo injin markaɗen maƙwabta. Na ji ta ce, "ka tura wa maginin sauran kuɗin." Na tura a daren. Da safe ta kira ni ranta a ɓace. Ashe cewa ta yi "kar ka tura", don bai gama yaɓen ɗakin ba. Wallahi ban ji wani giɓi a maganarta ba.

Harkar sadarwa ce sana'ata, don haka na san inda "kar" ɗin ta shiga. Waya ba ta aika murya a dunƙule. Ƙulli-ƙulli take yi da ita, kamar yadda mai tebur ke ƙulla gishiri a leda, galibi ƙulli 50 a duk sakan guda. In hanya ta cushe, irin bayan isha'i da kowa ya duƙufa kan bidiyo, na'urorin da ke tsakani sai su zubar da abin da ya fi ƙarfinsu. Wani ƙullin kuma yakan iso bayan an wuce gurbinsa, shi ma ya tashi a banza. Saƙon rubutu in ya ɓata, sake aiko shi ake yi. Hira ba ta da wannan sararin, domin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa in jinkiri ya haura kashi 15 cikin 100 na sakan, hira takan fara tangarɗa. Shi ya sa wani lokacin dattijo zai ga kamar kana katse masa magana, alhali ba rashin ladabi ba ne.

Masana sun yi dabaru. Wayar mai sauraro takan ɗan riƙe ƙullin da suka iso, ta jera su, kafin ta sake su a kunne. Tsarin matse murya na Opus, wanda aka tabbatar a 2012, yana iya cusa ɗan kwafin ƙullin baya a cikin na gaba, in ɗaya ya ɓata a ciro shi daga jikin ɗan uwansa. In duk ba a samu ba, sai wayar ta yi ciko: ta maimaita sautin ƙarshe tana rage masa ƙarfi, abin nan da ke sa murya ta koma kamar ta ƙarfe. A 2020 Google ya sa wa manhajarsa ta kiran bidiyo mai suna Duo wata basirar kwamfuta mai ƙirƙiro ci gaban muryar, amma ita ma iyakarta kashi 12 cikin 100 na sakan.

Cikon nan ne ya cinye ni. Ƙulli ɗaya nan ɗaya can, kunne ba ya ma lura. Amma goma a jere, gaɓa sukutum ke nan. Hajiya ta ɗan yi shiru kafin ta ce "kar", sai wayata ta tsawaita shirun. Mu kuwa Hausarmu a 'yan gaɓoɓi take ɗora nauyi, "ba" da "kar" su ke raba i da a'a.

Don Allah, in sabis ya yi rauni ku kashe bidiyo, ku matsa bakin taga ko tsakar gida, yara su dakata da sauke fim a wayar da kuka jona. Maganar kuɗi, magani ko ranar biki kuma, ku bi ta da saƙon murya, don shi a cike yake isowa ko da ya makara. Hajiya yanzu haka take yi mini, ta kuma sa in maimaita mata abin da na ji. Maginin dai ya dawo ya ƙarasa yaɓen ranar Asabar.

A gaishe mini da kowa da kowa.

Naku,
Ɗan Bolari a Manchesta