Yadda muke ƙirga masu sa raƙumi gyatsar mitan

Duk wanda ya ji aikina a kan tumbin raƙumi yake a nan Ahsa ta Saudiyya sai ya ɗauka ni mahauci ne, Baffana na Makka ma ya gaji da tambaya. Abin da muke nema a ruwan tumbin wasu ƙananan halittu ne masu haɗa haidirojin da kabon dayoksaid su fitar da iskar mitan, dabbar ta gyatsar. Ba bakteriya ba ne fa, arkiya ne, wani rukunin ƙananan halittu na daban, tun 1977 masanin kimiyya Carl Woese ya raba musu gida.

Wahalarsu ita ce oksijin na kashe su, shi ya sa daga mayanka sai a cika fulas taf da ruwan tumbin a toshe a garzayo. Tsohuwar hanyar ƙirga su ta masani Robert Hungate ce tun 1950, ka kori iskar cikin kwalba da gas marar oksijin, ka zuba ruwan tumbin da abincinsu da aga, wani abu mai daskarewa kamar jeli, ka yi ta mirgina kwalbar har agar ta daskare a jikin gilashin, sannan ka zauna jira sati da satittika kafin ɗigo-ɗigonsu su bayyana ka ƙirga, kuma akwai sinadarin rezazurin a ciki, in ka ga ruwan ya koma ruwan hoda to iska ta shiga, aikin ya tashi a banza wallahi. Wasu kuma tsarma ruwan suke ninki goma-goma, su duba kwalaben da mitan ya fito, su yi lissafi.

Wadda na fi so ita ce ta madubin likita. Halittun suna da wani sinadari mai suna F420, ka haska musu haske mai tsawon zango nanomita 420 sai su yi ƙyalli shuɗi-kore, amma ka yi sauri don yana dusashewa.

Yanzu kowa ya koma qPCR, wato ƙirga DNA da na'ura, a ciro DNA a ƙirga kwayar gadon mcrA da suke yin mitan da ita, kwana ɗaya an gama, in an karanta jerin wata kwayar gadon da ake kira 16S a san iri, galibi irin da ake kira Methanobrevibacter ke rinjaye. Gaskiya da sauƙi, kuma tana kama da yawa da suka ƙi tsirowa a kwalba. Sai dai na'urar ba ta san rayayye da matacce ba, duk ƙirgawa take, don haka ni dai ɗalibin da bai iya toshe kwalbar Hungate ba bana sakin jiki da lambobinsa.