Daren Laraba: Zahara da takwas ɗin Kepler

Yau bayan magariba Zahara ta fito a yamma, cikin madubin hangen nesa kuma rabi take, kamar wata ɗan kwana bakwai. Mai son ganin haka ya duba tun sama na da sauran haske, da madubi mai ƙara girma sau 30 ko fiye. Idan duhu ya yi, ƙyallinta kan rufe siffarta, in kuma ta yi ƙasa sosai ƙura da zafin iska su sa ta rawa.

Abin da masanin taurari Galileo ya bi wata da watanni ke nan a ƙarshen 1610. A tsohon tsarin Ptolemy, wanda ya sa duniya a tsakiya komai na kewaya ta, Zahara kullum tana tsakaninmu da rana, don haka ba za ta wuce jinjiri ba. Galileo kuwa ya gan ta ƙarama kusan cikakkiya, sannan rabi, sannan babban jinjiri. Ke nan wani lokaci tana can bayan rana.

Sai dai wannan bai kashe musun ko duniya ce ke kewaya rana ba. Tycho Brahe yana da nasa tsarin: sauran taurarin su kewaya rana, rana ta kewaya duniya, kuma siffofin Zahara sun zauna daidai a ciki. Shi ma Copernicus, da ya ce duniya da sauran taurarin ne ke kewaya rana, aikinsa kuma ya fito a 1543, lissafinsa bai fi na Ptolemy daidai ba, domin ya riƙe cikakkiyar da'ira. Ribarsa bayani ce. Tauraron Mirrihi (Mars) kan yi kamar yana komawa baya duk bayan kusan wata 26, saboda duniya ta fi shi sauri ta zo ta wuce shi, yadda motar da ka wuce a hanya take kamar tana ja da baya. Haka ma aka gane dalilin da Zahara ba ta nisa da rana fiye da digiri 47.

A ganina Kepler, mataimakin Tycho, shi ne ya yi aikin. Ya gwada da'ira da awon Mirrihi da Tycho ya bari, ya sami saɓanin minti 8 na kusurwa, wajen rubu'in faɗin wata. Wani da sai ya ce kuskuren mai awo ne, amma kuskuren Tycho bai cika wuce minti biyu ba. Sai Kepler ya yar da da'ira, a 1609 ya nuna falakin, wato hanyar da tauraro ke bi, da'ira ce mai ɗan tsawo, rana ba ta tsakiyarsa sosai, tauraro kuma yana ƙara sauri idan ya kusance ta. Da jadawalinsa na 1627 ya lissafa cewa tauraron Uɗaridu (Mercury) zai gifta ta fuskar rana ranar 7 ga Nuwamba 1631, masanin taurari Gassendi kuma ya gan shi a birnin Faris na Faransa ran nan.

Hujjar masu musu mai ƙarfi ce: in duniya na tafiya, me ya hana taurari na kusa su ɗan gusa tsakanin rani da damina? Suna gusawa, nisa ne ya ɓoye. Sai a 1838 masanin taurari Bessel ya auna gusawar tauraron 61 Cygni, kusan sulusin daƙiƙa ɗaya na kusurwa (daƙiƙa 60 ke yin minti ɗaya).