Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Neman Unguwar Zama a Akra

Assalamu alaikum, jama'a. A makon jiya mun tsaya a inda na sauka Akra, birnin da iyayenmu ke kira Ankara, da jaka ɗaya da kwamfuta, masu ba ni aiki kuma suna can Turai. Wannan makon zan ɗan ajiye labarin kaina, domin zaɓen unguwa ba abin da za a ratsa a gurguje ba ne. Mai aiki ta intanet yana yawo daga gari zuwa gari bafatake ne na wannan zamani, kuma tun lokacin da kakanninmu ke zuwa Gwanja sayen goro, madugu ba ya sauke ayari sai ya san inda ruwa yake da inda dare zai yi lafiya.

Ɗan Najeriya yana shiga Gana ba biza, yana da kwana 90 a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS, sai dai ya riƙe katin rigakafin shawara. Shigar ba ta da wuya. Wahalar tana wajen haya. Dokar haya ta Gana, ta shekarar 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata 6, amma a kasuwa shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma ba a ɓoye ba. Wanda zai yi wata 3 ba shi da abin yi da irin wannan gida. Abin da ya rage masa shi ne ɗaki mai kaya a ciki da ake biya wata-wata, wanda kuɗinsa ya ninka na hayar shekara idan aka raba, a wasu unguwannin ma da dala ake faɗin farashi. Saboda haka kada ka biya wata guda daga nesa don ka ga hoto. Kama masauki na kwana 5 zuwa 7 a kusa da inda ranka ya kwanta, ka yi sauran binciken da ƙafarka. Dillalai suna karɓar kuɗin nuna gida kafin a tashi, sannan la'ada in an daidaita, wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce. Ku yi maganar duka biyun tun kafin ku hau mota, kuma kada ka tura wa kowa kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, alhali ba ka shiga ɗakin ka ga mai gida ko mai kula da shi ido da ido ba.

Baƙo yakan fara jin sunan Osu. A nan titin Oxford yake, da gidajen abinci da shaguna da wuraren canjin kuɗi, kusan komai za ka same shi da tafiyar ƙafa. Da rana wuri ne mai daɗin aiki. Da dare, musamman daga Alhamis zuwa Lahadi, kiɗan mashaya ba ya barin layukan da ke kusa da babban titi. Wannan ya shafi aikinka kai tsaye. Agogon Akra yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, daidai yake da na Landan a lokacin sanyi, yana gaban New York da awa 5 a sanyi, awa 4 a zafi. Mai aiki da Turawan Ingila zai gama kafin magariba, kiɗan dare barcinsa kawai zai taɓa. Mai aiki da Amurka kuwa taronsa yakan kai ƙarfe 9 ko 10 na dare, daidai lokacin da Osu ke farkawa. Ga kuma iskar teku mai gishiri da danshi, wadda ke sa bakin caja da ramukan kwamfuta tsatsa, ta sa tufafi fumfuna a cikin kabad. Labone da Cantonments suna maƙwabtaka da Osu, sun fi shiru nesa ba kusa ba, nan ofisoshin jakadanci da yawa suke, amma kuɗinsu na masu albashin ƙungiyoyin duniya ne. Haka Airport Residential.

East Legon ita ce ta biyu da ake yawan tura baƙo. Sabbin gidajen sama, wuraren shan shayi masu intanet, matasa masu harkar fasaha, ga jami'ar Legon kusa. Aibinta faɗi da cunkoso: ba unguwar tafiyar ƙafa ba ce, kuma duk abin da zai kai ka tsakiyar gari sai ka bi ta wajen mahaɗar Tetteh Quarshie, inda safe da yamma motoci ke tsayawa cak. Titin Spintex ya fi ta wannan ciwon. Kasoa kuwa, wadda sunanta daga kalmarmu ta kasuwa ya fito, haya da sauƙi, amma ta fita daga Akra ta shiga Jihar Tsakiya, kuma hanyarta kan cinye rabin yinin mutum. In har za ka riƙa shiga gari ko sau biyu ne a mako, abin da ka rage a haya zai tafi a Bolt, wato tasin da ake kira ta manhajar waya.

Ni dai shawarata ga Bahaushe, ko duk Musulmin da zai zauna shi kaɗai, ita ce ya nemi ɗaki a gefen zango, ba a tsakiyarsa ba kuma ba nesa da shi ba. Nima da Mamobi su ne zuciyar zangon Akra. Da Hausa ake ciniki, da Hausa ake gaisawa, ko da mai maganar Dagomba ne ko Bazabarme ko Kotokoli. Da asuba akwai koko da ƙosai, da hantsi akwai wace, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, da yamma akwai tuwon zafi da fura da tsire, ba sai ka tambayi wanda ya yanka naman ba. Babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina, wanda aka buɗe a 2021, yana Kanda, a bakin Nima. Amma cikin Nima gidaje a matse suke, yawancinsu gidan haya ne na tsakar gida ɗaya da mita ɗaya da banɗaki na tarayya, ga hayaniyar kasuwa da ta biki. Mai taro ta bidiyo zai sha wuya. Abin yi shi ne ka zana da'irar tafiyar minti 15 zuwa 20 a ƙafa daga kasuwar Nima, ka nemi ɗaki a cikinta: Kanda, Kokomlemle, wasu sassan New Town, ko Roman Ridge in aljihu ya kai. Haka lissafin yake a Madina, a arewa da Legon, inda akwai wani babban zangon kuma haya ta fi sauƙi. Na dage a kan wannan ne don mai aiki daga ɗaki yana iya yin kwana 3 bai yi magana da kowa ba sai ta allo, kuma kaɗaici yana karya aiki fiye da ɗaukewar wuta. Wanda jam'i biyar ke fitar da shi, mai shayi ya san sunansa, ya sami wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi.

To, in an tsayar da unguwa, sai a koma kan gidan, kuma a nan ake yawan yin asara.

Fara da ƙasa. Akra na da damina biyu: babba daga Afrilu zuwa wajen Yuli, ƙarama a Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan unguwanni da yawa yana gangarawa ne cikin kogin Odaw, don haka kwarin da ke bin sa, irin su Alajo, Circle (mahaɗar Kwame Nkrumah) da gangaren Adabraka, da kuma Kaneshie, suna cika idan aka yi ruwa mai ƙarfi. A daren 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a Circle sun kashe mutum sama da 150. Wanda ya zo a Janairu cikin hunturu ba zai ga alamar komai a titi ba, sai ya karanta bango. Duba katanga ta waje daga ƙasa zuwa gwiwa: layin laka, fenti da ya kumbura, ko sabon fenti a ƙasan bango kaɗai. Duba ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, ko an gina 'yar katanga a bakin get. Mai gida ba ya yin wannan don ado. Sannan ka tambayi mai shagon layin, ba dillali ba. In kana shakka, ɗauki ɗakin sama, hawa na ɗaya.

Sai wuta. Mutanen Gana suna kiran yawan ɗaukewarta dumsor, kuma ta fi tsanani ne a wajen 2014 da 2015. Yanzu da sauƙi a kan wancan lokacin, wanda ya saba da namu zai ga kamar hutu ne, amma tana tafiya, kuma taro ɗaya da ya yanke ya isa ya ɓata maka suna wajen mai ba da aiki. Tambayi ko ɗakin yana da mitarsa ta kati shi kaɗai. Mitar tarayya rigima ce: kai kana kunna na'urar sanyaya ɗaki, maƙwabci fanka kawai gare shi, rabon kuɗi ba zai taɓa yi wa kowa daɗi ba. In an ce akwai janareta, tambayi wa ke tayar da shi, bayan minti nawa, wa ke sayen mai, kuma yana kai wa soket ko ƙwan fitila kawai yake ɗauka. Sau da yawa amsar ta ƙarshe ce ke ba da mamaki. Kai ma ka yi naka tanadin. Kwamfutar hannu tana jan wat 45 zuwa 65, na'urar rarraba intanet wajen wat 10. Batirin ajiya mai wat-awa 500, bayan an cire abin da ke salwanta wajen juya wutar, zai riƙe su biyun wajen awa 6. Bakin soket irin namu ne mai ƙafa uku, ba sai ka sayi mahaɗi ba.

Intanet kuwa ba a tambayarsa, gwada shi ake yi. MTN da Telecel su ne manyan layuka, kuma ƙarfinsu yana bambanta daga layi zuwa layi, har daga ɗaki zuwa ɗaki a gida ɗaya. Zauna a daidai inda teburinka zai kasance, ka rufe ƙofa da taga, ka buɗe Speedtest, manhajar auna saurin intanet. Yawancin mutane lambar saukewa suke kallo, alhali ta aikawa ce ke riƙe hotonka da muryarka a taro. Zoom yana son wajen megabit 4 na aikawa don hoto mai kyau, saboda haka nemi 10 don ka sami rara, jinkirin kuma kada ya wuce milisakan 150. Gwada sau biyu, da hantsi da kuma tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau layi. In an ce gidan yana da wayar faiba, wato intanet na waya da ake jawowa har cikin gida, ka ga akwatin da idonka, ka ji mutum nawa ke raba shi. Kuma ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a lokaci ɗaya, intanet ya durƙushe a Gana da maƙwabtanta na kwanaki, kuma layukan ba su farfaɗo tare ba.

Ruwan famfo a unguwanni da yawa ba kullum yake zuwa ba, shi ya sa kusan kowane gida ke da baƙin tanki a sama. Lissafinsa mai sauƙi ne. Mutum ɗaya yakan ci lita 50 zuwa 100 a yini. Tankin lita 2,000 a gidan mutum 8, ko da kowa ya tsaya a lita 60, kwana 4 zai yi. In famfo kan yi mako bai zo ba, tankar ruwa za a saya, sai ka ji wa ke biya. Buɗe shawa ka ga ƙarfinta, ka tambayi ko injin tura ruwa sama yana aiki in babu wuta.

Na bar ƙara, wato hayaniya, a ƙarshe don ita ce ba a gani da rana. Dillali zai kai ka ranar Talata da hantsi, layi tsit. Koma da kanka daren Juma'a, lokacin da coci-coci da yawa ke ibadar kwana da lasifika, ka sake komawa ranar Asabar, ranar da ake yawan yin jana'iza a Gana, a kafa rumfuna a titi da manyan amsa-kuwwa tun safe. Tsaya a ƙofar gidan minti 10 ka saurara. Dubi kuma ko akwai ginin da ake kan yi a maƙwabta, ko makarantar yara, ko mai walda.

In Disamba na cikin watannin zamanka, ka kulle farashi a rubuce tun Oktoba, domin 'yan Gana mazauna waje da baƙi suna cika garin a ƙarshen shekara, kuɗin ɗakuna masu kaya ya tashi. A takardar a sa ranar shiga da ta fita, abin da kuɗin ya ƙunsa, lambar da mita ke nunawa, da sharaɗin mayar da kuɗin ajiya. Ɗauki hoton kowane kaya a ranar farko, ka tura wa mai gida ta WhatsApp don kwanan watan ya zauna a wayoyinku duka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarina daga ranar da na karɓi mabuɗi a Kokomlemle.