Ranar da Hajiya ta share rumbun buro

Wata Litinin cikin watan Afrilu, zafin Yamai ya kai intaha, ina bisa babur a kan gadar Kennedy zan tsallako daga Harobanda, waya ta yi ta ruri a aljihuna. Sai da na sauka na duba: kira bakwai, duk daga buro. Ina shiga na tarar da mutane tsaitsaye kamar gidan rasuwa. Dosiyen rasitai da rahotannin kuɗi na shekara uku ya ɓace daga SharePoint, ma'ajiyar Microsoft ta intanet inda buro ke ajiye takardu, ga masu binciken lissafi za su zo ranar Laraba.

Ni ke kula da kwamfutoci a wata ƙungiya mai buro a Filato da ƙaramin reshe a Tawa. Duk abin da ya lalace, daga firinta har fankar ɗakin taro, ni ake kira.

Hajiyar da ke riƙe da lissafinmu ta girmi mahaifiyata, kuma ba ta wasa da aiki. Na durƙusa gefen teburinta na ce, "Hajiya, me kika taɓa ranar Juma'a?" Ta ce, "Ɗana, ni fa ban taɓa na intanet ba. Kwamfutata ce ta ce ta cika, sai na share nawa na ciki. Wani saƙo ya fito, na danna to, na tafi gida."

Nan na gane. Ita a ganinta abin da ke cikin kwamfutarta kwafi ne, na asali yana can sama a ajiye. Alhali in ka haɗa rumbun takardu na SharePoint da kwamfutarka ta OneDrive, manhajar da ke daidaita fayilolin kwamfuta da na intanet, abu ɗaya ne mai ƙofa biyu. Ka share ta nan, ya tafi ta can, ya kuma tafi a kwamfutar duk wanda ya haɗa, har mutanen Tawa. Laifin kuwa nawa ne. Ni na haɗa mata rumbun baki ɗaya ranar da muka yi ƙaura daga tsohuwar sabarmu, wato kwamfutar da ke ajiye takardun buro a da, ban zauna na yi mata bayanin komi ba, don ina saurin in kai ga tebur na gaba.

Maido da kayan bai kai minti ashirin ba. Duk abin da aka share yana zama cikin kwandon shara na shafin SharePoint ɗin har kwana 93. Ko wani ya zazzage kwandon, akwai na biyu a bayansa wanda mai kula da shafin kaɗai ke gani, amma kwana 93 ɗin nan jimilla ne tun daga sharewar farko, ba a sake sabon lissafi. Na jera kayan kwandon bisa sunan wanda ya share da rana, na zaɓi na Hajiya, na mayar, kowane ya koma mazauninsa. Akwai wata hanya ta mayar da rumbun gaba ɗaya zuwa yadda yake a wata rana cikin kwana 30 da suka wuce. Na ƙi ta da gangan, domin tana warware har aikin kirki da wasu suka yi bayan ranar. Wannan sai in ɓarnar ta game ko'ina.

Bayan hankali ya kwanta na nuna mata alamomin nan uku da ke gefen kowane fayil. Gajimare shuɗi yana nufin fayil ɗin yana sama, ba ya cin wuri a kwamfuta. Alamar daidai cikin farin da'ira mai koren baki, an sauko da shi don an buɗe shi. Koren da'ira cikakke kuwa, an ce ya zauna a na'urar kullum. In wuri ya ƙare, danna dama za ka yi ka zaɓi a sake maka wuri, fayil ya koma gajimare ba tare da an share shi ba. Mutanen Tawa akasin haka na yi musu: dosiyen da suke fita da shi ƙauye na mai da shi kore cikakke, saboda rezo can sai addu'a, kuma in kuran ya tafi akwatin intanet na buro shi ma ya bi shi.

Ƙaurar nan ita ce uwar yawancin ciwon kaina. Na kwaso tsohuwar saba yadda take na juye, da dosiye cikin dosiye cikin dosiye har hawa goma sha ɗaya, kowane da suna kamar kanun labarai, na ƙarshe kuma "rahoton ƙarshe na ƙarshe wanda Darakta ya gyara". SharePoint yana ɗaukar hanyar fayil, wato jerin sunayen dosiyoyi har zuwa sunan fayil ɗin, har harafi 400, amma tsoffin manhajoji da yawa a Windows suna tsayawa a 260, kuma haɗawa da kwamfuta tana ƙara sunan mai na'ura da sunan ƙungiya da sunan shafi a gaba. Sai ka ga fayil yana buɗewa lafiya a intanet, a kwamfuta ya ƙi. Na yi kwana biyu ina zargin rezo kafin in ƙirga baƙaƙen.

Na so in rushe dosiyoyin duka in koma ga ginshiƙai, wato kowane fayil a lika masa shekara da jiha da sunan aiki, mutum ya tace abin da yake so. A takarda wannan ya fi. A buro kuwa ba wanda ya yarda, kuma na daina ganin laifinsu: wanda ya shekara ashirin yana buɗe dosiye ba zai bari don wani yaro ya karanta wani abu ba. Muka shirya a kan hawa uku, gajerun sunaye, ginshiƙi biyu kacal. Ginshiƙan na yi musu fihirisa, wato jeri mai sauƙaƙa nema, tun da wuri, domin rumbu na iya ɗaukar miliyoyin fayil, amma jeri ɗaya in ya nemi taɓa fiye da abu 5000 a lokaci guda sai ya fara gardama wajen tacewa da jerawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne izini. Kowane shafi yana zuwa da rukuni uku: masu shi, membobi masu iya gyara, da baƙi masu karatu kawai. Rumbu yana gadon izini daga shafi, dosiye daga rumbu, fayil daga dosiye. Duk ranar da wani ya danna rabawa ya aika wa mutum ɗaya fayil, wannan fayil ya samu nasa izini na daban. Shekara guda ana haka, sai ka rasa wa ke ganin me. Na taɓa tarar da takardar albashi a buɗe ga duk ma'aikata, don wani ya raba ta da mahaɗin da kowa a ƙungiya ke iya buɗewa, mahaɗin kuma ya yi yawo a WhatsApp. Ban san mutum nawa suka leƙa ba kafin in rufe, amma makon nan gaisuwa ta yi sanyi a wajen shayi.

Tun daga nan na canza mahaɗin da ke fitowa da farko ya zama na mutanen da aka ambata da suna. Abu mai sirri, albashi ko takardun ma'aikata, ba na ɓoye shi a dosiye cikin rumbun kowa, shafinsa daban nake buɗe masa. Izini kuma rukuni nake ba wa, ko da mutum ɗaya ne a cikinsa, don in ya tafi in cire suna ɗaya in sa wani. Darakta ya taɓa cewa in ba shi cikakken iko a ko'ina. Na ce, "Ranka ya daɗe, cikakken iko har da ikon share shafi bisa kuskure." Ya yi dariya ya ce in bar shi a memba. In wani ya zo da kukan an hana shi shiga, ba na tsayawa zato: cikin saitin izini akwai wurin da za ka rubuta sunansa, ya faɗa maka abin da yake da shi da kuma ta wane rukuni ya same shi.

Masu Teams, manhajar hira da taro ta Microsoft, su sani, kowace tawaga tana da shafin SharePoint a bayanta, fayilolin kowace tasha, wato zauren hira na tawagar, dosiye ne a rumbunsa. Tasha ta sirri kuwa shafinta daban ne, shi ya sa ake nemanta a rumbun tawaga a rasa. Kuma kada tawaga ta zauna da mai ita ɗaya. Haka nan in ma'aikaci ya bar aiki aka share asusunsa, OneDrive ɗinsa kwana 30 yake jira in ba a ƙara wa'adin ba, don haka ranar sallama nake kwashe kayan aiki daga ciki.

Wani ƙaramin abu da ya kusa haɗa faɗa: cikin Janairu wani yaron Tawa ya ɗora rahoto da takwas na safe, shafi ya nuna sha ɗaya na daren jiya. Shugabarsa ta ce ƙarya yake yi kan lokacin zuwansa aiki. Ashe ni ne ban gyara agogon shafin ba, yana kan lokacin gaɓar yammacin Amurka, awa tara bayanmu a watannin sanyi. Na mai da shi kan na yammacin Afirka ta tsakiya, na kuma saita haka a cibiyar gudanarwa don sababbin shafuka. Tsofaffin sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Masu bincike sun zo ranar Laraba sun tafi ba su san an yi komi ba. Hajiya yanzu ko hoton biki za ta share sai ta aiko a kira ni, jiya har da ƙullin kilishi. Mako mai zuwa zan hau motar asuba zuwa Tawa ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, domin akwai kwamfuta biyu can da suka yi wata guda alamar OneDrive ɗinsu na juyawa ba ta tsaya ba, kuma ta waya kowa cewa yake bai taɓa komi ba.