Ranar da na hana Auta allurarta

Talata, bayan isha'i, a asibiti.

Ina zaune bisa tabarma gefen gadon Auta, leda ta uku ta ƙarin ruwa na ɗiga cikin hannunta. Barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ɗauko waya.

Shekara biyu ke nan da aka gano ɗiyata na da ciwon suga irin na yara, wanda jiki ke daina yin insulin kwata-kwata, wato sinadarin da ke kai suga daga jini zuwa cikin jiki, sai dai a riƙa yi mata allurarsa kullum. Shekarunta 13. Jiya ta tashi da zafin jiki da amai. Damina ce, a unguwarmu ta Zariya gida-gida masassara, sai na ce ita ce. Ta ƙi tuwo, ta ƙi ko da koko. Ni kuwa tsorona ɗaya ne, kada suga ya faɗi, don na taɓa ganin ta tana karkarwa, gumi sharkaf, awon suga ya sauka ƙasa da giram 0,70 a litar jini, sai da na jiƙa mata sukari ƙwaya uku ta dawo hayyacinta. Sai na ce a raina, wanda bai ci ba me zai yi da allura? Na hana ta ta dare, na hana ta ta safe. Da hannuna na mayar da kwalbar cikin gwangwaninta, na tura cikin jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, inda muke ajiye ta saboda wuta ba ta zama.

Da hantsi numfashinta ya sake. Tana jan shi daga can ƙasa kamar wadda ta sheƙo a guje daga bakin Gulbi. Leɓe ya bushe, ido ya zurma, tana riƙe da ciki, bakinta na wani wari kamar mangwaron da ya nuna ya wuce. Hajiya, uwar mijina, ta ce a kira malam ya yi mata tofi. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mu yi addu'ar bisa hanya." Allah ya saka mata da alheri, ita ta fara ɗaukar mayafi, ita ta tsai da adaidaita.

A asibiti majo, babban ma'aikacin jinya, ya soki yatsarta, na'urar ta kasa ba da lamba don sugan ya wuce abin da take iya aunawa. Aka gwada fitsari, aka gwada jini. Masassarar ma akwai ta. Likita bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya zaunar da ni ya ce idan babu insulin suga tsayawa yake cikin jini, jiki ya rasa abin ci, sai ya koma ƙona kitse, kitsen kuma ya bar wani tsami mai guba cikin jini. Shi ne wannan numfashi da wannan wari, kuma yana kai yaro ga suma har ga rasa rai. Zazzaɓi kansa tada suga yake. "Uwar Auta, ko ba ta ci komai ba, ba a tsai da insulin. Ki riƙa aunawa, ki ba ta ruwa, ki kawo ta mu gyara adadin."

A layin farmasi na tarar da wata dattijuwa daga wajen Madarunfa tana sayen magani. Ɗiyarta ce, ba ta kai ashirin ba, aka yi wa aiki aka ciro jariri sama da kilo 4. 'Yan uwa na ta murna an haifi ƙato, ashe ciwon sugan da ke zuwa wa mai juna biyu ne ya kumbura shi, kuma da aka yanke cibi nasa sugan ya faɗi, har yanzu yana hannun likitoci. Ba a taɓa auna uwar ba, alhali tsakanin sati na 24 da na 28 ake wannan gwaji. Na roƙe ta, in sun yi arba'in su dawo a sake awo, don sau da yawa yana lafawa bayan haihuwa, ya dawo daga baya. Mun rabu kowa na share ido da bakin mayafi.

Da magariba Auta ta buɗe ido sosai. Abin da ta fara cewa shi ne, "Inna, kada ki faɗa wa 'yan lakwal ɗinmu." Nan ta faɗa mini akwai ranakun da take tsallake allurar rana don kada ƙawaye su gani. Jikina ya yi sanyi, don likita ya sha gaya mana sugan da ya daɗe a sama a hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, ba tare da ciwon da zai sa mutum ya farga ba. Ban ce mata komai ba, na riƙe hannunta kawai. Da wane baki zan yi mata faɗa yau?

Za a sake awo ƙarfe biyu na dare. Na kira babanta na ce gobe da sassafe ya zo da kwalbar da ke gindin randa da ɗan littafin da muke rubuta awo.